Yadda Kifi Ya Dawo Tabkin Giyayya

Haƙar gaiwa ita ce aikin farko da aka sa ni, kuma da ita zan fara muku, tunda na lura ku samarin yanzu kun ɗauka su, wato kamun kifi, bai wuce mutum ya jefa raga ya jawo ba. Idan rani ya yi nisa, tabki ya janye ya bar laka ta tsattsage kamar diddigen tsoho, sai ka ɗauki ɗan sanda da kalmen haƙa ka shiga. Ba haƙa za ka fara ba. Durƙusawa za ka yi kana duban ƙasa har ka ga ɗan rami kamar inda aka soka yatsa. Ta nan gaiwa ke shan iska. Tana can ƙasa a naɗe cikin wata jaka da ta yi wa kanta da yauƙin jikinta, tana jiran ruwan bana. Ka ƙwanƙwasa ƙasa da sanda, in ka ji ɗan gurnani ka san tana nan. Sai ka sara a gefe, ka ɗago curin gaba ɗaya. In ka yi gaggawa ka raba ta biyu. In ka kai hannu gaban bakinta ta rage maka yatsa. Ku dubi wanga nawa na hagu.

Mutanen kudu dariya suke in an ce akwai masunci a ƙasar Dakoro. Gaskiyarsu, ba mu da gulbi mai gudu. Abin da muke da shi kwarin Tarka ne, da tabkunan da damina ke cikawa a cikinsa. Namu shi ne Tabkin Giyayya, tafiyar hantsi daga gari. A tsakiyarsa akwai wuri mai zurfi da muke kira gurbi, wanda a shekarar kirki ba ya ƙafewa har ruwa ya sake sauka. Duk kifin da ke tabkin, ransa na rataye da gurbin nan.

Maigidana Baba Nomau daga bakin gulbin Maraɗi ya taso, lokacin da mutane ke yo arewa neman sabuwar gona. Ubana ya kai ni wurinsa lokacin da na fara gemu, don gonarmu rairayi ce, ba ta ciyar da mu duka. Daga baya Arzika ya zo. Na riga shi zuwa, ku riƙe wannan. Dogo ne, mai wushirya, ga baki. Bai yi wata guda ba ya san sunan kowace tsohuwa a ƙauyen, da abin da ke ciwo a jikinta. Ni in Baba zai kira ni sai ya ce, "Kai, Illa." Shi kuwa "ɗana Arzika".

Saƙar koma aikin zaune ne, amma ya fi noma cin baya. Koma ita ce ragar hannu da ake ɗaurewa jikin sanda mai lanƙwasa. Da rama muke murza zarenta a cinya har fatar ta yi kanta, a saƙa, sannan a jiƙa ta cikin ruwan bagaruwa ta yi ja, don kada ta ruɓe. Ma'aunin Baba guda ne: kowane ido sai ya ci yatsunsa uku. In ya ci biyu, warwarewa za ka yi tun daga farko. Yana cewa kifin da ya wuce ta idon nan ba namu ba ne, na baɗi ne. Nawa idanu daidai suke kamar an auna. Na Arzika wani faffaɗa wani matsattse, amma in Baba ya ɗaga tasa sai ya ce, "Hannun yaron ga da albarka." Tawa kuwa ya juya ta, ya juya, bai sami aibi ba, ya ajiye.

Kamun kifi shi ne ƙaramin aikinmu. Babban shi ne tsaron tabkin. In bana mun haƙi gaiwa ta gabas, baɗi sai ta yamma, ɓangare guda ya huta. Ba a sare bagaruwar da ke tsaye cikin ruwa, don a saiwarta ƙananan kifi ke ɓuya. Ba a tone bado duka. Sannan ga shanu. In garke ya faɗa tabki ta ko'ina, ƙafafunsu su dama laka, ruwa ya zama kunu, kifi ya taso yana haki. Saboda haka kowace kaka muna jan ƙaya mu shinge baki, mu bar wa Fulani da Buzaye mashaya mai faɗi ta wajen tsandauri. Ni ke sarar ƙaya, ni ke ja. Arzika ke zuwa ya zauna da arɗon Fulani a sha nono a daidaita, don ya iya Fillanci.

Masu saye ma ba yawa gare su ba. Buzu in ya ga kifi jan rawani yake ya toshe hanci. Bafillace ba ya ci. Cinikinmu na wajen matan da suka taso daga kudu, da fatake, da kuma mutanen bariki, don a shekarun nan ne, bayan babban yaƙin Nasara, aka kafa bariki a Dakoro aka kawo kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasar. Banda muke yi. A fede kifi, a lanƙwasa tarwaɗa a soke wutsiyarta a baki, a jera bisa ragar itace, a hura wutar ƙirare mai hayaƙi a ƙasa. Mai banda ba ya barin wurin, in ya juya baya wuta ta tashi ta cinye aikin mako. Ni ke zama cikin hayaƙin har idona ya yi ja. Ranar kasuwa Arzika ya yi wanka, ya sa riga, ya ɗauki kwando ya tafi gari. A can ya saba da kukun kumandan, wani mutumin kudu mai son kifi da hira.

Sai muguwar shekara ta zo. An yi shuka, ruwa ya ɗauke, gero ya ƙone bai kai gwiwa ba. Rijiyoyin arewa suka ƙafe, duk dabbar da ke ƙasar ta gangaro mana. Shingen ƙaya bai kwana biyu ba ya zama tarihi. Makiyaya suka sassare bagaruwa don awaki. Mata suka tone bado har saiwa, ana dafawa ana ba yara. Gaiwa kuwa aka haƙe gabas da yamma, ba wanda ya tambayi ɓangaren da ke hutu. Na tuna Baba ya tare wani magidanci yana sara inda muka hana. Mutumin bai ɗago kai ba, ya ce, "Baba, ɗiyana ko kifinka?" Baba ya ce, "Haƙa. Allah shi raya su."

Abin da ya ƙarasa mu shi ne aduwa. Da gurbi ya rage kamar faɗin ɗaki, wani ya daka ɓawon aduwa ya zuba a ciki. Ba mu san ko wa ba, Baba kuma ya hana a bincika. Da safe muka tarar da ruwan ya yi fari da cikin kifi, manya da ƴan mitsi-mitsi waɗanda ko a miya ba za a gan su ba. Mutane suka kwashe da ƙore. Bayan nan gurbin ya ƙafe, iska ta cika shi da rairayi.

Damina ta gaba ruwa ya sauka sosai, tabki ya cika har gindin giyayyun da ke baki. Baba ya shiga da koma, ya ɗaga, ya sake ɗagawa, tun hantsi har rana ta take. Kwaɗi ne kawai da ƴaƴansu. Ya fito yana jan ƙafa, kuma daga ranar bai ƙara shiga ruwa ba. Shekarar nan ƙodago muka yi a gonakin mutane muka ci.

Yasar gurbi muka fara da ruwan ya janye. Baba ya zauna a inuwa da sandarsa yana nuna inda tsohon bakin yake, mu kuma muna haƙa. Rairayi ba kamar laka ba ne, ka ɗebe kwando guda rabin kwando ya zubo ya koma. Sai ka kai shi nesa, bayan tudu, inda ruwa ba zai maido shi ba. Haka muka yi ta yi har muka taɓo baƙar laka ta asali. Na bi turken awaki na tsinto ƙwayar bagaruwa cikin kashinsu, don wadda ta bi ta cikin akuya ta fi saurin tsira, na binne su kewaye da baki, kowace na rufe ta da ƙaya. Na je wani tabki wajen Badar Gula na roƙo saiwar bado na dasa a laka. Arzika ya yi haƙa, ba zan ce bai yi ba. Amma ba a rasa dalilin da zai kai shi gari, kuma kafaɗar da ta saɓe tawa ce.

Da damina ta sake zagayowa, gurbi ya riƙe ruwa, bado ya buɗe ganye, Baba ya kira mu. Ya ce gida ya gyaru, saura masu gida. In gulbin kudu ya fara janyewa yana barin ƴaƴan kifi cikin kududdufai, a je a ɗebo. Ya ce mu ɗauko tarwaɗa da gaiwa, don su suna shan iska, suna jure tukunya.

Arzika ya ce, "Baba, karfasa fa?"

Baba ya girgiza kai. "Karfasa ba ta tafiyar jaki, ɗana. Kafin ku yi zango guda ta juya ciki. Ta tafi ke nan, sai dai jikokinku su ji labarinta."

Arzika ya yi ɗan murmushin nan nashi, ya ce, "A bar Illa shi yi gaba da jakai. Ni akwai abin da nike son in gwada."

Na jira Baba ya tsawata mishi. Sai ya ce, "Gwada, ɗana."

Ɗaukar kifi bisa jaki, in ba ka yi ba, ba ka san wahala ba. Tukwane masu faɗin baki na samu, na dasa su cikin mangala, na cusa ciyawa kewaye don kada su gwaru. Ruwa rabi ake sawa, a rufe baki da ganyen bado da jiƙaƙƙen tsumma. Gaiwa dabam, tarwaɗa dabam, in ka haɗa su ka iske gaiwa ta gutsure wa kowa wutsiya. Masuntan gulbi, waɗanda suka san Baba tun yana saurayi, suka taya ni tsince ƴaƴan daga kududdufi, kowane bai wuce tsawon yatsa ba. Tafiya kuwa daga asuba zuwa hantsi, sai a sauke kaya a inuwa, sai la'asar a sake ɗaurawa. Kowace rijiya na tsaya roƙon ruwa. Kuma ruwan rijiya ba a zuba shi kai tsaye, sanyinsa na kashe su, sai ka bar shi a ƙwarya ya huce ya sha iska. A wata rijiya mata suka taru suna kallona, ɗaya ta ce, "Ku zo ku ga mai shayar da kifi!" Suka yi ta dariya, amma sun ba ni guga.

A rairayin Gulbin Kaba jaka guda ta durƙushe, tukunya ta fashe. Ƴaƴan tarwaɗa suka watsu cikin yashi mai zafi suna birgima, yashi na manne musu. Na tuɓe rigata na tsoma cikin ɗaya tukunyar, na bi su da rarrafe ina tsinta ina sawa cikin jiƙaƙƙiyar riga. Ƙayar tarwaɗa ko tana ƙarama tana suka. Na ceci mafi yawa. Waɗanda suka mutu na gasa na ci, don guzurina ya ƙare.

Na wuce Sabon Maci, ina cikin tafiyar la'asar, sai na ji ƙugi a bayana. Kamiyon bariki ne mai kai kaya Dakoro. Direba ya danna oda, jakaina suka watse cikin gonar wake, ina riƙe da wannan ina kiran wancan. Da motar ta zo daidai ni na ɗaga kai. Arzika ne tsaye a baya, ƙafa a ware, ya rungume wani babban tano, wato gangar ƙarfe, da hannu guda, ɗaya hannun da ƙwarya. Jikinsa sharkaf. Ya hango ni ya washe wushirya, ya ɗaga murya:

"Illa! Sannu da hanya! Sai ka iso!"

Motar ba ta tsaya ba.

Daga baya na ji yadda ya yi. Kuku ne ya gaya wa kumandan cewa akwai kifi mai farin nama da za a iya maidowa tabki in an sami mota. Kumandan ya gaji da naman akuya da kifin gwangwani, ya ba da izni. Tanon na man mota ne. Arzika ya ƙona cikinsa da kara, ya goge da toka da yashi, ya jiƙa, ya zubar, har sai da ya sha ruwan da bakinsa bai ji wari ba. Kuma tun daga gulbi har bakin tabki bai zauna ba, yana ɗibar ruwan da ƙwarya yana zubo shi daga sama don ya sha iska. Wannan dabarar ta ƙwarya a wurina ya gan ta, ina yi wa kifin da muke ajiyewa da rai kafin kasuwa. Ba wanda ya taɓa tambaya.

Ranar da na iso, bakin tabki ba kowa. Sawun taya ne a laka, da kashin dawaki, da gurbin da makaɗa suka zauna. An yi taro an watse. Kumandan ya zo, sarki ya zo, an tuntsurar da tano gaban jama'a ana guɗa. Na ɗaure jakai na shiga bukkar Baba. Yana kwance. Ya ɗago ya ce, "Illa, ka iso? Ka ji abin da ɗan'uwanka ya yi? Karfasa, Illa! Da ranta! Da idona na gani."

Na ce, "Na kawo tarwaɗa da gaiwa, Baba."

Ya ce, "Madalla. Zuba su ta wajen bado." Ya koma ya kwanta.

Na kai tukwane cikin ruwa, na karkata bakinsu a hankali har ruwan tabki ya gauraya da nasu, suka fita ɗaya bayan ɗaya suka shige ƙarƙashin ganye. Wani balbela ne kawai ya shaida.

Karfasar ba ta mutu ba. In da ta mutu da labarin ya fi mini daɗin faɗi, amma ta rayu, ta hayayyafa. Sarki ya naɗa wa Arzika rawanin Sarkin Ruwa, aka yi shela cewa ba mai sa raga a tabkin sai damina biyu sun wuce. Tsaron kuwa mu biyu ne, wato ni a bakin ruwa da sanda ina korar yara da awaki, shi a kan doki aro yana zaga ƙauyuka da rugage yana lallashin mutane. Kuma sun ji maganarsa. Arɗo da kansa ya sa samarinsa suka taya mu jan ƙaya, abin da ba a taɓa yi ba.

Ana cikin haka bikin Nasara na tsakiyar damina ya zo, kumandan zai yi baƙi. Aka aiko gardi, wato dogarin bariki, bisa raƙumi, ya ce a cika kwando da karfasa a kai bariki. Lokacin kuwa suna cikin ƙwai, iyayen na ɗauke da shi a baki. Ni na fara magana. Na ce, "Ba ya yiwuwa." Gardin ko dubana bai yi ba, ya juya ga mai rawani. Arzika ya ce, "Ka gai da kumandan, ka ce mishi in an kama su yau, motarshi ta yi tafiyar banza. Shi yi haƙuri, baɗi ni zan kai mishi da kaina." Gardi ya ce ba a aiko shi ya kai magana ba. Ya ɗaure hannun Arzika da igiya ya ja shi gari, aka sa shi kaso, wato kurkukun bariki.

Bai daɗe ba. Baƙi suka ci rago suka tafi, fushin kumandan ya huce, kuku ya sa baki, aka sake shi. Amma ku zo ku ga tarbar da aka yi mishi. Mata na guɗa, tsofaffi na shafa kansa, ana cewa ga wanda ya shiga kaso saboda tabkinmu. Har kason ma shi aka ba. Ni da na fara cewa a'a, ina nan tsaye da sandata, ba wanda ya ga na isa a ɗaure.

Baba bai ga buɗe tabkin ba. Da ciwo ya tsananta ya kira mu ya raba kayan aikinsa. Babbar gorarsa ta shiga ruwa, wadda ya zo da ita tun daga gulbi, ya miƙa wa Arzika. Ni ya ba ni allurar saƙar raga, ya ce, "Kai ne mai haƙurin zama." Muka binne shi a tudun da na tara da rairayin gurbi.

Ranar da aka buɗe su, mutane sun zo har daga Sabon Maci. Arzika ya tsaya a baki yana duba komar kowa, wadda idonta bai ci yatsa uku ba ya mai da ita. Ya hana a kusanci gurbi, ya hana a taɓa wajen bagaruwar da ta fara tasowa. Haka ya riƙe tabkin har ya tsufa ya rasu, kuma kifin da kuke ta kwasa yau da ragarku ta roba mai ido kamar na rariya, jikokin waɗancan ne. In kun ƙarar da su, ba na jin a cikinku akwai mai bin jaki zuwa gulbi.

A sun nan na farko, karfasa ta fito, amma abin da ya cika kwanduna tarwaɗa ce, baƙaƙe, masu kauri kamar damtse. Na san su. Makaɗa na ta wasa Arzika, ni kuma na kwashi rabona na yi banda. Shi yanzu Sarkin Ruwa ne, ba ya ɗaukar kwando, saboda haka a karo na farko ni na kai kasuwar Dakoro da kaina. Na shimfiɗa tabarma na jera. Wata mata mai goyo ta tsaya, ta ɗauki tarwaɗa guda ta shinshina, ta juya ta, ta ce:

"Malam, wanga kifin Arzika ne, ko na kudu? In ba na Arzika ba ne ba ni so."

Na dubi tarwaɗar a hannunta. Na dubi sauran da ke tabarma, rana na dukansu, ga hanyar gida da nisa.

Na ce, "Nashi ne."

Ta ce, "Ai da gani. Nashi ya fi mai."

Na naɗe mata a ganye, ta saɓa ta tafi.